An Ajiye Dikoda: Me Ya Rage Wa Marubuci?



A gidaje da dama a nan Illela, dikodar DStv ko GOtv ta zama kayan ado. Kamfanin MultiChoice ya ƙara kuɗin wata a 2023 da 2024, ya sake ƙarawa a 2025, ga wuta sai an ga dama. Magidanci ya yi lissafi, ya koma wa eriya da faifan tauraron ɗan'adam mai tashoshin kyauta irin su Arewa24, sauran kallon kuma a waya. Mai son ƙwallo ya tafi gidan kallo.

A ganinmu wannan sauyi ya shafi alƙalaminmu kai tsaye. Da, wanda ya biya kuɗin wata ya riga ya biya, ko shiri ya yi daɗi ko bai yi ba zai zauna. Yanzu kowane minti a YouTube data yake ci, kuma a farkon 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin farashi har kashi 50 cikin ɗari. Mai kallon da ya sayi datar kwana ɗaya da cinikin albasarsa ba zai jira jarumi ya gama fakin, ya buɗe get, ya gaisa da maigadi na minti biyar ba. Jan labari don a cika fitowa cin haƙƙinsa ne. Duk fitowar da za a cire labari bai girgiza ba, mu cire ta tun a takarda.

Wani zai ce ai Labarina da Izzar So masu dogon zango ne, kuma sun karɓu. Haka ne. Amma abin da ya riƙe mutane shi ne ɗokin sanin abin da zai faru mako mai zuwa, kuma marubuci ne ke gina wannan ɗokin.

Sauyin ya kuma buɗe mana ƙofa. Ba sai wata tasha ta ba mu fili ba. Me ya sa kusan duk labaranmu a falon Alhaji a Kano suke faruwa? Ga kasuwar shanu ta Illela, ga 'yan uwa da iyaka ta raba tsakaninmu da Ƙonni, ga abin da iyalai suka gani da aka rufe boda a 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar a 2023. Wa zai rubuta wannan, da Sakkwatancinmu, idan ba mu ba? Mai kallo a Ƙonni da Tawa yana jin harshen nan kamar yadda muke jin sa.

Sai dai kar mu yar da eriya. A 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro, kuma ranar da babu sabis babu YouTube. Talabijin ɗin tsakar gida kuma ita ce ke tara uwa da 'ya'ya wuri guda. Don haka mu rubuta abin da ɗa zai iya kalla gaban mahaifiyarsa ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Aikin wannan mako: kowa ya ɗauko shafi uku na farkon labarinsa, ya tambayi kansa, da datata ce, zan ci gaba da kallo?

Allah Ya yi wa alƙalumanmu albarka.