Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaba John Dramani Mahama

Mai girma Shugaban Ƙasa, ranka ya daɗe.

Daga Sagnarigu nake rubuto maka, inda har yau raɗaɗin korona bai saki talaka ba. Ba a kulle Tamale kamar Accra da Kumasi ba, amma rufe iyakoki daga Maris 2020 zuwa Maris 2022 ya durƙusar da mu. Manyan motocin kaya sun ci gaba da wucewa ta Paga, sai dai ƙaramin ɗan kasuwar da ke zuwa Burkina Faso saro tumatir, ko Nijar saro albasa, ya zauna a gida. Mata da yawa masu sana'ar man kaɗe sun cinye jarinsu.

Da wuya ta kai wuya, kowace ƙasa ta kama gabanta. Ghana ta karɓo dala biliyan 1 daga IMF a Afrilu 2020. Zuwa Disamba 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari, muka dakatar da biyan yawancin basussukan waje, muka sake komawa IMF neman dala biliyan 3. Su kuwa ƙasashen Tarayyar Turai, tun a Yuli 2020 suka amince su ciyo bashin yuro biliyan 750 da sunansu gaba ɗaya, masu ƙarfi suka tsaya wa raunana. Mu kuma, da IMF ya raba dala biliyan 650 a 2021, kusan biliyan 33 kacal ne rabon Afirka duka. Wannan abu yana ci mini rai.

Iyayenmu mata a kasuwar Aboabo sun san adashi: ana zubi tun da sauran lafiya, mai buƙata ya ɗauka. Shi nake roƙon ka kai gaban ECOWAS. Akwai harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari da take karɓa kan kayan da ake shigowa da su daga wajen yankin, akwai kuma bankinta na EBID a Lome. A ware wani kaso a zuba a asusu na musamman domin ranar annoba, a rubuta a dokar asusun cewa sai kuɗin sun kai ga masu ƙaramin jari a gundumomi.

Kada a bar Nijar, Mali da Burkina Faso a baya don sun fice daga ƙungiyar a Janairu 2025. Cuta ba ta tsayawa a shingen kwastan, cinikinmu kuma da su muke yi. Kai da ka ziyarci shugabanninsu a Maris 2025, za su saurare ka. Ka gabatar da wannan batu a taron ƙoli mai zuwa.

Naka mai fatan alheri,
Wani ɗan ƙasa daga Sagnarigu