Filin Sana'ar Hannu: Kafin Ka Shafa Wa Teburinka Banish

Tebur yakan yi kyau ko ya lalace tun kafin a buga ƙusa ta farko, wato a lokacin daidaita katako da goge shi.

Fara da daidaitawa. Ɗora doguwar rula ta ƙarfe a kan katakon, ka duba ƙarƙashinta. Inda haske ya ratsa, akwai kwari. Inda rular ta zauna, akwai tudu. Yi wa tudun alama da fensir, ka kankare shi kaɗan-kaɗan, kana sake aunawa. Samfefa ba ta gyara katakon da ya lanƙwashe, santsi kawai take sa masa.

Sai guga. Lambar da ke bayan samfefa tana nuna kaushinta: ƙaramar lamba ta fi kaushi. Fara da 80, ka koma 120, sannan 180 ko 220. Kada ka tsallake daga 80 zuwa 220, domin zanen da ta farko ta bari zai fito fili da zarar an shafa banish. Naɗa samfefar a jikin guntun katako mai lebur, ka riƙa bin tsawon jijiyar katakon, ban da gicciye.

Goge ƙafafu da saman teburin kafin ka haɗa su, amma kada ka taɓa wuraren haɗi. In suka zaizaye, teburin zai riƙa rawa.

Ka sa takunkumi, domin ƙurar katako tana cutar da huhu. Sai mako mai zuwa.