A Bar Magoya Baya Su Zaɓi Gwarzon Ƙungiyarsu

Edita, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in tofa albarkacin bakina a kan wata al'ada ta ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na Turai wadda nake ganin ya kamata mu ara mu yafa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata gardama da na tarar a gidan kallo a nan Haɗejiya. Samari ne suka rabu gida biyu, kowa da waya a hannu, wai suna jefa ƙuri'ar zaɓen gwarzon ɗan wasan Arsenal na shekara. Har da mai rancen kuɗin data don kada a yi babu shi. Na tambaye su, to a 'yan wasan Jigawa Golden Stars fa, wa za ku zaɓa? Wallahi Edita, aka yi tsit, wanda ya iya kawo sunan mutum uku babu. Wannan abu ya tsaya mini a rai.

Ga yadda abin yake a Ingila. Duk ƙarshen kakar wasa ƙungiya takan ba magoya bayanta dama su zaɓi ɗan wasan da ya fi yi mata aiki. A Manchester United an fara wannan kyauta a 1988, daga baya aka sa mata sunan tsohon kocinsu Sir Matt Busby, wanda ya rasu a 1994. Cristiano Ronaldo ya ci sau huɗu. Amma abin lura shi ne gola David de Gea shi ma ya ci sau huɗu: 2014, 2015, 2016 da 2018. Waɗannan shekaru ne da ƙungiyar ta shiga halin ni-'yasu bayan Ferguson ya yi ritaya a 2013, kuma masu zuwa fili duk mako sun ga wanda yake rufa musu asiri. Haka a Chelsea a 2018 magoya baya suka zaɓi N'Golo Kante, ɗan tsakiya mai aikin wahala wanda bai cika cin ƙwallo ba.

Mu manoman fadama mun san irin wannan aiki. A ambaliyar 2020 da ta 2022, da ruwan kogi ya taso wa Haɗejiya, Auyo, Kafin Hausa da Kiri Kasamma, waɗanda suka kwana suna cika buhu da ƙasa suna tare jinga ba a sa hotonsu a jarida ba. Amma mutanen gari sun san su ɗaya bayan ɗaya. Ɗan baya da gola haka suke, ba a tunawa da su sai ranar da jinga ta ɓalle. Baƙo yakan ga wanda ya ci ƙwallo, ɗan gida ne yake ganin wanda ya hana a ci.

Ko mu 'yan Nijeriya mun ga amfanin ƙuri'ar jama'a. Jay Jay Okocha bai taɓa cin kyautar gwarzon Afirka ta hukumar CAF ba, amma da BBC ta ba jama'a zaɓi, shi suka ba a 2003 da 2004.

To mu dawo gida. Kano Pillars da aka kafa a 1990 ta ɗauki kofin lig sau huɗu, a 2008, 2012, 2013 da 2014, sannan ta ci kofin ƙalubale a 2019. A nan Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010 kafin ya tafi Turai. A nan Rabi'u Ali ya shafe sama da shekara goma yana yi wa ƙungiya bauta. Wajen cika fili kuwa, sai an tona kafin a sami kamar 'yan Sai Masu Gida. Amma a 2022, bayan rikicin da aka yi a wasansu da Katsina United, an zaftare wa ƙungiyar maki uku, kuma a wannan shekara ta faɗa rukuni na biyu, sai a 2023 ta dawo. Tamu ta Jigawa kuwa ta faɗi a 2021.

Ba ina cewa akwatin ƙuri'a shi kaɗai zai hana jifa ba. Amma mutumin da ake karɓar kuɗin ƙofarsa duk mako, ba a taɓa tambayar ra'ayinsa a kan komai ba, yakan ɗauki kansa baƙo, kuma baƙo ba ya jin ciwon ɓarna. Idan ka nuna masa da shi ake yi, zai tsare kayan kamar nasa. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo.

Saboda haka ina ba shugabannin ƙungiyoyinmu na Arewa shawara, Pillars da Katsina United da Wikki Tourists da Jigawa Golden Stars, su mai da wannan zaɓe al'ada ta kowace shekara, amma bisa sharuɗɗa.

Na farko, mai tikiti shi ne mai ƙuri'a. A ranar wasan gida na ƙarshe a ajiye akwati a bakin ƙofa, mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya. Idan aka ce sai ta waya, wanda bai taɓa taka fili ba zai jefa goma, mai zuwa da ƙafarsa cikin rana ya tashi a tutar babu.

Na biyu, a ƙirga a bainar jama'a kafin a watse. Mun san halinmu, ƙuri'ar da ta kwana a ofis takan wayi gari da wani suna.

Na uku, 'yan siyasa da masu kuɗi su tsame hannunsu. Wanda yake son ya ba da kyauta ya bayar, amma ba shi zai ce ga wanda za a ba ba.

Na huɗu kuma ya shafe mu ne magoya baya. Kada mu ce sai ɗan garinmu ko ɗan unguwarmu. De Gea ɗan Sifen ne, Kante ɗan Faransa ne mai asali da Mali, kuma Turawan Ingila suka zaɓe su don aikinsu. Idan yaro ya baro Inugu ko Ibadan ya zo ya zubar mana da gumi, ya fi kowa, to a ba shi haƙƙinsa. Gobe wani gwanin zai so ya zo.

Abin ba ya bukatar miliyoyi. Ko ƙungiyoyin unguwa na Haɗejiya, Malam Madori da Birniwa za su iya farawa da kwali da takarda. Ni da bakina na yi alkawari, duk ƙungiyar garin nan da ta fara, buhun shinkafa guda daga gonata na gwarzonta ne in Allah ya kai mu kaka lafiya.

Allah ya sa masu abin su ji.

Naku mai karatu a kullum,
Wani manomi daga Haɗejiya, Jihar Jigawa.