Waƙar da Babu Makaɗinta

A wani zuwa da na yi gida Garki, ɗan ƙanena da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutse ya miƙo mini wayarsa, fuskarsa cike da annuri. “Baffa, duba ka gani, har mawaƙan Amurka sun sallama wa Traoré.” Na duba. Ga muryar R. Kelly tana kwarara yabo ga Kyaftin Ibrahim Traoré, sojan da ya ƙwace mulkin Burkina Faso a ƙarshen Satumban 2022.

Sai dai R. Kelly yana tsare tun 2019, kuma a 2022 kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 30. Bai rera komai ba. Ƙirƙirarriyar basira ce ta ari muryarsa, kamar yadda aka yi wa Beyoncé a irin waɗannan bidiyoyi da suka cika YouTube da TikTok a 2025. Har Fafaroma Leo XIV bai tsira ba, sai da fadar Vatican ta fito ta ƙaryata jawabin yabon Traoré da aka ɗora a bakinsa.

Ban yi wa yaron dariya ba, domin fushin da ke zuciyarsa na gaskiya ne. Yana ganin yadda Nijar ta shekara fiye da hamsin ana kwasar yuraniyom ɗinta daga Arlit zuwa Faransa, ƙauyukanta na kwana a duhu. Ya ji labarin Thomas Sankara da aka kashe ranar 15 ga Oktoba, 1987. Wanda ya taso da wannan ƙishi, kowane ruwa aka miƙa masa zai kurɓa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne zaɓin muryar. Masu ƙera bidiyon sun karanci rauninmu sarai: mun ce mun gaji da jiran shaidar Turawa, amma har yanzu gwarzonmu ba ya cika a idonmu sai an yaba shi da Turanci daga ƙetaren teku. Launin fatar mai shaidar kawai aka sauya. An ɗauki zumuncin da ke tsakaninmu da baƙaƙen Amurka, zumuncin da ya kawo Stevie Wonder Legas lokacin FESTAC a 1977, an mayar da shi tarkon tara masu kallo.

Mu kuwa Hausawa bai kamata a ruɗe mu da waƙar yabo ba, a gidanmu aka yaye ta. Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata duk sun wasa manya, amma kowa ya san makaɗin, ya san ubangidansa, ya san dokin da aka ba shi. Da wannan sanin mai sauraro ke rage kuɗin yabon, ya ɗauki abin da ya saura. Ko Rarara, duk surutun da ake yi a kansa, an san inda ya dosa. Wannan sabuwar waƙa ba ta da makaɗi, ba a san mai biya ba, ba kuma wanda za a tare a hanya a tambaya me ya sa ba ta ambaci 'yan jaridar da gwamnatin Traoré ta tura fagen daga ba.

A da, waƙar kishin Afirka tana da tsada. Miriam Makeba ta shekara talatin ba ta taka ƙasarsu ba. Sojoji sun ƙone gidan Fela a 1977, mahaifiyarsa ta rasu a shekarar da ta biyo baya sakamakon jefo ta da aka yi ta taga.

Na tambayi ɗan nawa ko ya san halin da kasuwar Maigatari, nan kusa da mu, ta shiga lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, 'yan uwa masu harshe ɗaya suka kasa kai wa juna gero da dabbobi na tsawon watanni. Ya ce ya ji sama-sama. Sunayen shugabannin sojan Sahel uku kuwa ya jero mini su ba gargada, sannan ya karɓi wayarsa ya tura waƙar zauren WhatsApp na ajinsu, wai ko ta ƙarya ce tana da daɗi.