Limanci ba gadon gida ba ne: darasi daga Jalingo ga masallatanmu na Kudu

'Yan uwa mazauna Sabo, Agege, Lokpanta da sauran zangunanmu na Kudu: Daga Kasuwar Jalingo nake rubuto muku. Babanmu falken shanu ne, daga Iware muke lodi zuwa wajenku, don haka masallatanku ba baƙi ba ne a wurina.

Bari in fara da maƙwabtanmu Kiristoci. Hedikwatar cocin United Methodist ta Najeriya a nan Jalingo take. Tun da aka zaɓi Bishop John Wesley Yohanna a 2012, wani ɓangare na mabiya ya ƙi yarda da zaɓen, kuma ƙabilanci na cikin abin da aka riƙa ambata. Aka shekara goma sha biyu ana ja-in-ja. A 2024 da maganar auren jinsi ta taso daga babban taron cocin a Amurka, sai ta tarar da bango ya riga ya tsage. Yohanna ya koma Global Methodist, ɗaya ɓangaren ya samu sabon bishop, Ande Emmanuel. A Disambar shekarar, a Munga Dosso ta Karim Lamido, aka rasa rai uku, biyu daga ciki ƙananan yara. Kun ga inda gardamar "wa zai shugabance mu" take kaiwa.

To, mu fa? Kada mu yi dariya. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A wani masallaci da nake salla kusa da kasuwa, liman ya rasu. Na'ibinsa mahaddaci ne, ya daɗe yana jan mu salla duk lokacin da malam ba shi da lafiya. Laifinsa ɗaya: Mumuye ne, mahaifinsa ne ya musulunta. Kwamiti ya zauna a falon alhajin da ya yi wa masallacin rufi, aka fito da sunan ƙanin matarsa. Ba wanda ya ce na'ibi bai iya ba. Cewa aka yi wai "jama'a ba za su sake da shi ba". Wallahi tun ranar sahun asuba ya ragu, samari da dama sun koma wani masallacin.

Abu uku ke jawo wannan. Na farko, mai kuɗin gini yana ganin mumbari ma nasa ne. Na biyu, ba rubutaccen sharaɗi, sai abin da manya suka ga dama. Na uku, a Kudu masallaci ya zama tutar ƙabila. Tun 1952 Hausawan Sabon Ibadan suka ware Juma'arsu daga ta Yarabawa. A Ilori kuwa, kujerun limamai uku, na Fulani da Imale da Gambari, a kan asali aka raba su. Akwai dalilai na tarihi, ba na musu. Amma yau fa? Bayarabe ko Ibo da ya girma a Sabo, yana jin Hausa ras, ya fi mu karatu, za mu iya ba shi gaba?

Addini dai bai hana ba. Salim, 'yantaccen bawan Abu Huzaifa, shi ya riƙa jan Muhajirai salla a Ƙuba kafin isowar Annabi (SAW), har da Sayyidina Umar a bayansa, don ya fi su haddar Alƙur'ani. A Oktoban 2024 ma, an naɗa Farfesa Iliyasu Usman, ɗan ƙabilar Ibo, cikin limaman Masallacin Ƙasa na Abuja. Ya hau mumbari, sama ba ta faɗo ba.

Shawarata ga sarakunan Hausawa da kwamitocin masallatai: a rubuta sharuɗɗan limanci tun liman yana raye. In kujera ta faɗi, a kira malamai daga wani gari su saurari karatu da fiƙihun masu nema, a gaban jama'a. Wanda ɗan uwansa ke nema, ya fita daga kwamitin. Na'ibin da ya yi shekaru yana hidima, a fara duba shi.

Mu da muke kukan ana kiranmu baƙi a Kudu, bai kamata mu mai da wani baƙo a ɗakin Allah ba. Allah Ya sa mu gyara.