Tsadar rayuwa da ramukan hanya: Yaushe ya kamata mai mota ya canza shakazoba?

Tun bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lissafin duk mai mota a Najeriya ya sauya. Cikin 'yan kwanaki litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500. A watan Yunin shekarar kuma Babban Bankin Najeriya ya bar kasuwa ta yi wa Naira farashi, Dalar da gwamnati ke sayarwa kusan Naira 460 ta zarce Naira 1,500 a farkon 2024. Da yake yawancin kayan gyaran mota daga waje ake shigo da su, farashinsu ya bi Dala a Ladipo ta Legas da Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna da Apo ta Abuja.

Ma'aikacin da ke jiran ƙarshen wata da ɗan kasuwar da jarinsa ya ragu sai suka koma zaɓen abin da za a gyara da abin da za a jinkirta. Inji da batir ba su karɓar uzuri, domin idan suka ƙi mota ba ta tashi. Shakazoba kuwa ko ya mutu mota na tafiya, shi ya sa yake sahun gaba cikin gyare-gyaren da ake ɗagawa zuwa wani wata. Haɗarin da ke cikin wannan jinkiri ya fi yadda mutane da yawa ke zato.

Aikin da yake yi

Da yawa na ɗauka shakazoba kayan jin daɗi ne, wanda ke hana fasinja jin girgiza. Nauyin mota a kan sifirin yake. Idan taya ta faɗa rami sifirin zai matse sannan ya miƙe, kuma da za a bar shi da kansa zai ci gaba da lilo. Shakazoba ne ke kashe wannan lilo, ta hanyar tura mai ta wasu ƙananan kafofi a cikin bututunsa, wasu kuma ana haɗa musu da iskar naitirojin don kada man ya yi kumfa. Sakamakon haka taya ke zama manne da kwalta.

Birki da sitiyari duka ta taya suke aiki. Tayar da ke tsalle tana barin ƙasa ba ta riƙe komai a wannan ɗan lokaci, don haka motar da shakazobanta ya gaji takan ƙara nisa kafin ta tsaya, takan kuma zame a kwana ko a kan jiƙaƙƙiyar hanya. A titin da babur ko yaro ko dabba ke iya faɗowa ba zato, ƙarin taku biyu ko uku kafin tsayawa na iya zama sanadin rai.

Alamomin da ke nuna ya gaji

Shakazoba a hankali yake mutuwa, direban da ke tuƙa motar kullum kuma yakan saba da ita har ya kasa gane ta sauya. Saboda haka ake bukatar lura da alamu.

Ta farko ita ce yadda mota ke amsa birki. Idan gabanta na dunƙurawa ƙasa sosai da zarar an taka, ko bayanta na zama idan an ba ta wuta, akwai abin dubawa. Haka nan idan tana kwanciya gefe guda a kwana, ko tana ci gaba da lilo bayan ta haye tudun rage gudu. Da dare fitilun irin wannan mota sukan yi ta hawa da sauka a kan hanya.

Ta biyu tana jikin taya. Tayar da ke tsalle ba ta cinyewa bai ɗaya, takan yi kwari-kwari a zagayenta, wanda ake ji idan an shafa da hannu, kuma takan yi gurnani a kan gudu.

Ta uku ita ce yoyo. Ɗan danshin mai da ƙura ta manne masa a jikin bututun ba abin tsoro ba ne. Amma idan mai ya jiƙe shi yana gangarowa, robar da ke riƙe man ta lalace, kuma kwanansa ya ƙare.

Ƙara ma alama ce, sai dai tana yaudara. Ƙwanƙwasar da ake ji a ƙasan mota kan fito daga bushin ko wasu ƙarafan ƙafa, waɗanda kuɗinsu bai kai na shakazoba ba. Ya kamata makanike ya ɗaga motar ya duba kafin a sayi komai.

Akwai kuma gwajin da kowa zai iya yi a gida: a danna kusurwar mota da ƙarfi a saki. Idan ta taso ta tsaya, da sauran ƙarfi. Idan ta yi lilo sau biyu ko fiye, ya gaji. Wannan gwaji yana kama wanda ya mutu sarai ne, wanda ya fara rauni kan iya tsallake shi.

Kamfanonin da ke ƙera shakazoba kan ba da shawarar a yi tunanin canza shi bayan kimanin kilomita 80,000. Wannan adadi ya fi dacewa da hanya mai kyau. Motar da ke bin ramuka kullum, ko wadda ake loda wa buhuna fiye da ƙima, ba lallai ta kai haka ba. Yawancin motocin da ke titunan Najeriya ma sai da suka ci dogon zango a Turai ko Amurka kafin su iso.

Tarkon araha

Tsada ta tura mutane ga hanyoyi biyu. Wasu na sayen tokumbo, wanda babu mai iya faɗin kilomitar da ya ci. Wasu kuma na kai wa masu huda bututun su ɗura masa mai su toshe. Hakan kan sa mota ta yi tauri na ɗan lokaci, amma kafofin ciki da suka cinye suna nan yadda suke. Ga kuma jabu da ke zuwa cikin kwalin manyan kamfanoni. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Ƙa'ida ita ce a canza biyu tare, na gaba biyu ko na baya biyu, domin sabo a gefe guda da tsoho a ɗaya gefen kan sa mota ta riƙa karkata. A motoci irin su Corolla da Camry da Golf, na gaba a haɗe yake da sifirin kuma shi ke riƙe da saitin ƙafa, don haka bayan an canza shi dole a sake saita tayoyi. Wanda ya jinkirta gyaran kuma yakan biya ta wata hanya, domin mataccen shakazoba na cinye taya da bushin kafin lokacinsu, ita ma tayar farashinta ya tashi.

Nauyin da ke kan hukuma

Ba a kan masu motoci kaɗai laifin yake ba. Hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kusan kilomita 375, an ba da kwangilar sake gina ta tun a ƙarshen 2017, kuma sashen Abuja zuwa Kaduna ya shafe shekaru ba a kammala ba. Hukumar FERMA da aka kafa a 2002 don gyaran hanyoyin tarayya ta daɗe tana kukan ƙarancin kuɗi. Duk ramin da aka bari ya wuce damina, kuɗin cike shi daga aljihun direba yake fita a gareji.

Binciken lafiyar mota ma na da giɓi. A bakin hanya jami'an FRSC da na VIO sun fi duba takardu da taya da fitila da abin kashe gobara, domin shakazoba ba a gane shi da kallo daga nesa. Legas da Abuja na da cibiyoyin gwada mota da na'ura, kuma ya kamata jihohin da ba su da su su samar da irinsu, a kuma tabbatar sai an gwada mota kafin a ba ta takardar shaidar lafiya. Hukumar SON kuma aikinta ne ta tare jabun kayan gyara tun daga tashoshin jiragen ruwa.

Kafin a kai ga haka, abin da ke hannun mai mota shi ne ya sa a duba ƙafafun motarsa duk lokacin da aka juye mata baƙin mai, musamman bayan damina da gabanin tafiye-tafiyen Sallah da na ƙarshen shekara. Idan kuɗi bai isa a canza huɗu ba, a fara da biyun da suka fi lalacewa, a rage gudu da lodi har a samu na sauran.