Bikin sinima kasuwa ce, ba wurin nuna ado kaɗai ba

A Madarumfa, kamar sauran garuruwan jahar Maradi da ke kan iyaka da Najeriya, da wuya a sami gidan da ba a san ƴan wasan fim na Kano ba. Idan matasa suka ga hotunan waɗannan taurari a wurin bikin sinima, sanye da tufafi na alfarma, sai su ɗauka yawon shaƙatawa ne ya kai su. Wannan zato kuskure ne, kuma ya kamata a gyara shi, domin har cikin ma'aikata akwai masu irin wannan tunani.

Bikin sinima kasuwa ce. Kamar yadda manomi ba ya barin gyaɗarsa cikin rumbu yana jiran mai saye, haka mai fim yake ɗaukar aikinsa ya kai inda dillalai suke taruwa. Masu shirya biki su ne ke tace finafinai, su aika takardar gayyata, sau da yawa kuma su ɗauki nauyin tafiya da masauki. Shi kuma ɗan wasa yana rakiyar fim ɗinsa: ya gabatar da shi ga jama'a, ya amsa tambayoyin ƴan jarida, ya gana da masu kuɗin da za su tallafa wa aiki na gaba. Fuskarsa ce ke jawo ƴan kallo, shi ya sa ake girmama shi. A bikin FESPACO na Wagadugu, wanda aka kafa a 1969, an buɗe kasuwar finafinai ta musamman tun 1983.

Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A 1969 aka nuna "Cabascabo" na marigayi Umaru Ganda a birnin Cannes na Faransa, ya kuma sami kyauta a Masko. A 1972 fim ɗinsa "Le Wazzou polygame" ya ci babbar kyautar FESPACO, wato Dokin Yennenga, karo na farko da aka ba da ita. Bayan rasuwarsa a 1981 aka sa sunansa ga kyautar da ake bai wa sabon mai shirya fim. Da bai fita ba, da duniya ba ta san shi ba.

Amma akwai abin dubawa. Zalika Sule, wadda ta fito cikin waɗannan finafinai biyu, ta yi suna har ƙasashen waje, duk da haka fim ɗin da Rahamatu Keita ta yi a kan rayuwarta ya nuna ta cikin ƙuncin zama a Yamai. Tafi ba ya cika tukunya. Tafiyar da ba ta haifar da ciniki ba, ɗaukaka ce ta kwana bakwai.

Saboda haka akwai nauyi biyu a wuyan hukuma. Na farko, idan za a tura tawaga zuwa biki, masu sana'ar su kasance a gaba, tare da wanda ya san sayar da fim da kare haƙƙin mai shi. Kada kujerun su ƙare a hannun ma'aikatan ofis. Na biyu, fim ɗin da ya ciyo kyauta ya dawo gida. Sani Magori ya yi fim kan manoman albasa na Galmi, A'isha Maki ta yi kan matasan Damagaram, an yaba musu a waje. Manomin Ɗan Isa da masuncin tabkin Madarumfa sun fi kowa cancantar ganinsu, a filin makaranta ko dandalin gari, cikin harshen da suke ji.

Ranar da aka yi haka, yaron Madarumfa zai gane cewa labarin garinsu ma ya isa a kai shi kasuwar duniya.